«Latsa nan»: Mahaɗan Intanet da Sanarwar Ƴan Jarida a Mahangar Nazarin Harshe

Duk ɗalibin da ya zauna ajin nahawun Hausa ya san mahaɗi a matsayin kalmar da ke ƙulla kalma da kalma ko jimla da jimla, irin su «da» da «ko» da «amma». Masu hulɗa da intanet sun ari wannan suna sun ba wani abu dabam, wato ƴan kalmomin nan masu launin shuɗi da ake ja wa layi a cikin rubutu, waɗanda da an taɓa su sai su kai mai karatu wani shafi. Aron ya dace, tun da aikin ƙullawa dukansu suke yi. Sai dai mahaɗin intanet yana da wata siffa wadda na nahawu ba shi da ita: ana sayen sa, ana sayar da shi, kuma akwai kamfanonin da suka yi asara a kansa. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin da ya sa mahaɗi ya yi irin wannan daraja, da yadda masu talla suka mayar da maƙalu da sanarwar ƴan jarida gonar shuka shi domin shafukansu su fito a sahun gaba a injin bincike (sana'ar da ake kira SEO a taƙaice), da kuma abin da hakan yake yi wa jimla.

Kowane mahaɗi yana da ɓangare biyu. Akwai adireshin shafin da za a je, wanda ke ɓoye a ƙarƙashin rubutu, sannan akwai kalmomin da ido ke gani. Turanci da Faransanci suna kiran waɗannan kalmomi da sunan ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don a tsayar da jirgi. Wannan siffantawa ba ta gaya wa Bahaushe komai, don haka a nan za a kira su laƙabin mahaɗi. Laƙabi suna ne da wasu suke raɗa wa mutum, ba shi yake zaɓar wa kansa ba, kuma sau da yawa ya fi sunan yanka bayyana halinsa. A kan wannan siffa batun nan gaba ɗaya ya ginu.

Yadda mahaɗi ya zama shaida

A tsakiyar shekarun 1990 injunan bincike irin su AltaVista da Lycos sun fi dogara ne da abin da shafi ya faɗa game da kansa. Idan mutum ya nemi kalma, sai injin ya duba shafukan da kalmar ta fito a cikinsu, da yawan fitowarta, da inda ta fito. Masu shafuka ba su daɗe ba suka gane lagon. Wasu sukan maimaita kalma ɗaya sau ɗaruruwa a ƙasan shafi, da farin rubutu a kan farin fili, yadda idon mutum ba zai gani ba amma injin zai ƙirga.

A shekarar 1998 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Stanford ta Amurka, Sergey Brin da Larry Page, suka gabatar da maƙalar da ta bayyana tsarin Google. Tunanin da ke cikinta ba baƙo ba ne ga ƴan jami'a, domin daga al'adar ambaton madogara aka ɗauko shi. Tun 1955 Eugene Garfield ya ba da shawarar a riƙa tattara wace maƙalar kimiyya ce ta ambaci wace, kuma a 1964 kundinsa na ambato ya fara fitowa. Brin da Page suka ɗauki kowane mahaɗi tamkar ambato: shafin da ya tura mai karatu zuwa wani shafi ya shaide shi ke nan. Amma ba su daidaita shaidu ba. Nauyin shaidar shafi ya dogara ne da nauyin waɗanda suka shaide shi shi ma, kuma ana raba wannan nauyi tsakanin duk waɗanda ya shaida. A ɗauka wani shafi yana da nauyi goma. Idan mahaɗai biyu kaɗai ke fita daga cikinsa, kowanne zai tafi da kusan biyar. Idan ɗari ne, kowanne zai tafi da kashi ɗaya cikin goma na ɗaya. Mai lura zai ce ai lissafin yana zagaye kansa, tun da ba a sanin nauyin wannan sai an san na wancan. Haka ne, kuma maganin shi ne a fara da ba kowa nauyi ɗaya, a yi ta maimaita lissafin har lambobin su daina motsi. Sun kuma siffanta abin da wani mai yawo wanda ke bin mahaɗai barkatai: a kowane mataki akwai yiwuwar 0.85 ya bi ɗaya daga mahaɗan da ke gabansa, sauran kuwa ya gaji ya faɗa wani shafi can dabam. Shafin da wannan mai yawo ya fi yawan yada zango a kansa shi ne mai nauyi. Sunan wannan lissafi PageRank.

Abu na biyu da ke cikin maƙalar ya fi shafar mu. Sun yanke shawarar ɗaukar laƙabin mahaɗi su jingina shi ga shafin da aka nufa, ba ga wanda aka rubuta shi a ciki kaɗai ba. Hujjarsu ita ce laƙabin da wasu suka bayar yakan fi bayanin da shafi ya yi wa kansa daidai, sannan akwai abubuwan da ba su da rubutu ko kaɗan, kamar hoto, waɗanda ba a iya sanin su sai ta bakin masu nuna su. A lokacin sun tattara shafuka miliyan 24, da laƙubba fiye da miliyan 259. Ga mai nazarin ma'ana wannan matsayi ne sananne: ma'anar abu tana fitowa ne daga yadda jama'a ke amfani da shi da yadda suke kiran sa.

Nan da nan aka ga iyakar wannan matsayi. A ƙarshen 2003 wasu masu adawa da shugaban Amurka na lokacin, George W. Bush, suka haɗa baki suka yi ta ɗora mahaɗai masu laƙabin «miserable failure», wato mummunar gazawa, suna nufar shafin tarihinsa na fadar gwamnati. Waɗannan kalmomi babu su a shafin, amma duk wanda ya neme su shi yake fara gani. Sai a watan Janairu na 2007 Google ya sauya lissafinsa don ya kashe irin wannan wasa. Wani misalin kuma babu haɗin baki a cikinsa: an daɗe idan aka nemi kalmomin Turancin da ke nufin «latsa nan», shafin sauke manhajar Adobe Reader ne ke fitowa a sama, saboda ɗimbin shafukan da suka ce a latsa nan a sauke ta. Injin ya ɗauki umarni a matsayin suna.

Sanarwa ta zama gona

Abin da ƴan siyasa suka yi don raha, ƴan kasuwa sun yi shi don riba. Idan laƙabin da wasu suka ba ka shi ke ɗaga ka, to sai ka nemi hanyar sa kalmominka a bakin wasu. Hanyoyi biyu ne suka fi karɓuwa. Ta farko ita ce rubuta gajerun maƙalu a kan kowane irin batu a raba wa rumbunan maƙalu kyauta, da sharaɗin a bar mahaɗan da ke ciki. Har manhajoji aka ƙera masu sauya kalma da takwararta domin maƙala ɗaya ta haifi ɗari, kuma wanda ya taɓa karanta irin wannan rubutu ya san cewa kalmomi biyu ba sa taɓa zama ɗaya a kowane muhalli. Ta biyu ita ce sanarwar ƴan jarida.

Sanarwa tsohon nau'in rubutu ne. Ana yawan danganta farkonta na zamani da Ivy Lee, wanda a 1906 ya rubuta wa kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania bayani a kan haɗarin da ya auku a Atlantic City ya miƙa wa ƴan jarida. Daga baya aka kafa kamfanoni masu rarraba ta, kamar PR Newswire a 1954 da Business Wire a 1961. A asali mai karatunta ɗan jarida ne: a ba shi labari, shi ya tace, ya bincika, ya rubuta nasa. Da intanet ta zo, sai ya zamana sanarwa guda tana bayyana kai tsaye a shafuka da dama, yadda take, har da mahaɗanta. Kamfani ya rubuta wa kansa laƙabi, ya biya kuɗin rarrabawa, washegari injin ya ga kamar shafuka ɗari ne suka shaide shi. Mai karatun sanarwa ya tashi daga ɗan jarida ya koma injin, kuma da yawa daga cikin sanarwoyin wancan zamani ba su ɗauke da labari ko na anini.

Google ya mayar da martani a matakai. A watan Janairu na 2005, tare da Yahoo da MSN, ya fito da wata alama mai suna nofollow wadda ake liƙa wa mahaɗi a ɓoye, ma'anarta: ina nuna wannan shafi amma ban shaide shi ba. Masu nazarin aikin da zance ke yi za su ga cewa an raba nuni da lamuni ke nan, abubuwa biyu da lissafin 1998 ya haɗe. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kantin J. C. Penney ya mamaye sahun farko a kan kalmomi irin su riguna da kayan gado ta hanyar dubban mahaɗai da aka shuka a shafukan da ba su da alaƙa da kayansa. Kantin ya ce bai san da aikin ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa, amma Google ya tura shafukansa can ƙasa na wani lokaci. A ranar 24 ga Afrilu 2012 aka ƙaddamar da sabon lissafi mai suna Penguin don farautar mahaɗan jabu. A watan Yuli na 2013 kuwa ƙa'idojin Google suka ambaci abin da suna: mahaɗai masu laƙabin da aka tsara don injin, a cikin maƙalu ko sanarwoyin da aka rarraba wa wasu shafuka, suna cikin maguɗi. Daga 2016 Penguin ya fi karkata ga yin watsi da irin waɗannan mahaɗai maimakon hukunta shafin baki ɗaya, sannan a watan Satumba na 2019 aka ƙara alamomi biyu, sponsored don mahaɗin da aka biya kuɗinsa, da ugc don wanda baƙi suka rubuta a shafin wani.

Ta yaya ake gane laƙabin da mutum ya raɗa wa kansa? Google ba ya bayyana cikakken lissafinsa, amma ɗaya daga alamomin da kowa ya yarda da su ta harshe ce tsantsa. Mutane ɗari da suka nuna shafi ɗaya don raɗin kansu ba za su kira shi da kalmomi iri ɗaya ba. Wasu za su yi amfani da sunan kamfanin, wasu da kan labarin, wasu su liƙa adireshin tsirara, wasu su ce «duba nan», wasu ma su yi kuskuren rubutu. Ƴan siffofi kaɗan za su yawaita, sauran su warwatsu kowace sau ɗaya ko biyu, irin rabon da George Zipf ya bayyana game da yawan kalmomi a cikin rubutu. Idan kuwa aka tarar da shafuka ɗari duk sun ce «albasa mai araha» harafi da harafi, to baki ɗaya ne ya yi magana sau ɗari. Alƙalin da shaidu goma suka zo gabansa da jimla guda ba bambancin ko da wasali zai fara zargin an karantar da su ne a zaure. Masu nazarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu ma da irin wannan hujja suke gano cewa kofi biyu daga uwa ɗaya aka kwafe su. Bambance-bambancen da muke nazari a walwalar harshe, waɗanda wasu ke ɗauka a matsayin rashin tsari, su ne a nan suka zama shaidar cewa mutane da yawa ne suka yi magana.

Abin da laƙabi ke yi wa jimla

Laƙabi yana da iyaye biyu. Ɓangare ne na jimlar da yake ciki, dole ya bi nahawunta, sannan kuma suna ne na wani shafi da ba a gani. Kurakuran da ake yi iri biyu ne, kuma kowanne ya samo asali ne daga mance ɗaya daga cikin iyayen.

Na farko shi ne «latsa nan». Kalmar «nan» ƴar nuni ce, ba ta da ma'ana sai an san inda mai magana yake tsaye, abin da Karl Bühler ya yi dogon bayani a kansa tun 1934. A bakin Bahaushe karin sauti yana taimaka mata: «nan» mai faɗuwa tana nuna wurin mai magana, mai karin sama kuwa wurin mai sauraro, kamar yadda «can» mai faɗuwa take nuna abin da ake hange, mai karin sama abin da ya yi nisa. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, saboda haka a kan allo an bar ta da launin shuɗi kaɗai. Da zarar launin ya tafi, maganar ta mutu. Kuma yakan tafi: a kwafi sanarwa a tura ta a WhatsApp, ko a buga ta a takarda a liƙa a allon tsangaya, ko mai gabatarwa ya karanta ta a rediyo, sai a ji ana cewa a latsa nan alhali babu «nan». Makafi masu amfani da manhajar da ke karanta allo sukan sa ta jero musu mahaɗan shafi kaɗai, sai su ji «nan, nan, nan, ƙarin bayani, nan». Hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan. Injin bincike kuwa, kamar yadda aka gani a misalin Adobe, ba ya koyon komai game da shafin da aka nufa.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ne na masu talla. A ɗauka wata ƙungiyar manoman albasa a Galmi tana son shafinta ya fito idan an nemi albasa. Wanda ta ɗauka aiki ya lura cewa mutane sukan rubuta «albasa Galmi araha» a akwatin bincike, sai ya tsara sanarwa mai cewa: «Ƙungiyarmu tana da albasa Galmi araha ga duk mai buƙata.» Babu Bahaushen da zai faɗi haka. An jefar da «-r» ɗin da ke danganta albasa da Galmi, an jefar da «mai» da ke sa araha ta zama siffa. Abin da mutum ke bugawa a akwatin bincike wani salon magana ne na musamman, mai kama da na wayar tangaraho ta dā, wanda ake cire duk ƙananan kalmomin nahawu daga cikinsa saboda hanzari. Ɗauko shi a dasa a tsakiyar jimla cakuɗa salo biyu ne da ba sa zama inuwa ɗaya. Masu karanta Faransanci sun saba ganin irin wannan a tallan otal da na jiragen sama, inda harafin da ya kamata ya gabaci sunan gari yake ɓacewa. Hausa ta fi cutuwa da wannan dabara, domin dangantakar suna da suna a jikin kalmar take manne, kuma jam'inmu yakan sauya siffar kalma sosai: wanda ya nace sai laƙabinsa ya dace da «gida» harafi da harafi ba zai iya rubuta «gidaje» ko «gidan» ba. Abin takaici shi ne sadaukarwar ba ta ma biyan kuɗin sabulu yanzu. Tun daga sauyin Hummingbird na 2013, da shigar da tsarin BERT a 2019, Google ya karkata ga fahimtar jimla gaba ɗayanta, kuma laƙabin da aka maimaita ba sauyi ya zama abin zargi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya mai sauƙi. A rubuta jimlar tukuna kamar babu mahaɗi a duniya, sannan a nemi yankin sunan da ya riga ya ambaci abin da ake nufi, a ɗora mahaɗin a kansa. «Ƙungiyar ta fitar da jadawalin farashin albasar Galmi na wannan kaka» jimla ce cikakkiya ko a rediyo, kuma kalmomi huɗun da suka fara daga «jadawalin» sun isa laƙabi. A ganina yankin suna ya fi aikatau dacewa da wannan aiki, domin shafi abu ne da ake ambata; idan aka ɗora mahaɗi a kan «fitar», mai karatu ba zai san ko jadawalin zai tarar ko labarin bikin fitar da shi ba. Laƙabi kuma alkawari ne. Paul Grice, a maƙalarsa da aka buga a 1975, ya nuna cewa mai sauraro yana ɗaukar mai magana a kan zai faɗi gaskiya, ya faɗi abin da ya shafi zancen, daidai gwargwado. Wanda ya rubuta «rahoton hukumar ƙididdiga» ya kai mutum shafin sayar da taki ya karya wannan amana, kuma mai karatu ba ya buƙatar wani lissafi kafin ya daina yarda da shi.

Game da sanarwa kuwa, abin da ya rage bayan 2013 kaɗan ne. Mahaɗi ɗaya ko biyu sun wadatar, ɗaya a kan sunan mai sanarwar, ɗaya a kan takardar da ake magana a kanta, kuma idan an biya kuɗin rarrabawa sai a liƙa musu alamar da ta dace. Ribar sanarwa ta koma inda take a zamanin Ivy Lee: idan akwai labari a ciki, wani ɗan jarida zai ɗauka ya rubuta nasa, ya nuna shafinka da kalmominsa. Wannan mahaɗi guda shi ne wanda lissafin yake nema tun farko, domin ba kai ka rubuta shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa jimla ta zama mai tsayuwa da ƙafarta wanda ba shi da alaƙa da talla. Shafuka suna mutuwa. Cibiyar bincike ta Pew ta bayar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya samun su bayan shekara goma. Ɗalibin da ya rubuta «kamar yadda aka nuna a nan» ya bar wa mai karatun gobe ƙofar da babu ɗaki a bayanta, alhali wanda ya ambaci marubuci da kan maƙala a cikin laƙabin ya bar masa abin da zai nema da shi, ko a rumbun Internet Archive.

Ƙugiya da adireshi

Duk abin da ya gabata ya shafi kowane harshe. Akwai matsala guda da ta keɓanci Hausa. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a tsarin Unicode kowanne harafi ne mai zaman kansa. Wannan ya bambanta da é ta Faransanci, wadda tsarin ya tanadar mata hanyar warwarewa zuwa e da alamar da ke samanta. Manhajar da ta dogara da wannan hanya kaɗai za ta gane cewa wanda ya rubuta kalmar Faransanci ba alama da wanda ya rubuta ta da alama abu ɗaya suke nema, amma ba za ta ga wata dangantaka tsakanin «ƙasa» da «kasa» ba sai an koya mata da gangan. Idan kuma aka koya mata ta haɗe su, sai a faɗa wata matsalar, domin «ƙafa» da «kafa» ba kalma ɗaya ba ce, haka «baƙi» da «baki». A kan wannan sai a ɗora bambancin da ke tsakaninmu da maƙwabta: mu a Nijar muna rubuta «ƴan», a Najeriya suna rubuta «'yan», da yawa kuma a wayar salula «yan» kawai suke bugawa. Sunayen garuruwa ma haka, Damagaram da Zinder, Yamai da Niamey, Maraɗi da ƙugiya da Maradi babu ita.

Mai rubuta sanarwa da Hausa yana fuskantar jarrabawa a nan, domin ya san yawancin masu bincike ba sa sa ƙugiya. Shin ya jefar da ita a laƙabinsa don ya dace da su? Ra'ayina shi ne kada ya jefar. Adireshin shafi, wanda ke ɓoye, yana iya zama da haruffa marasa ƙugiya, kuma hakan ya fi, tun da harafi mai ƙugiya a cikin adireshi yakan rikiɗe ya zama jerin lambobi da alamomi idan an kwafe shi. Amma laƙabi rubutu ne da mutum zai karanta, ƙa'idar rubutu ta hau kansa kamar sauran jimlar. Kuma tun da daga laƙubban da mutane ke rubutawa injin yake koyon sunan abu, kowane laƙabi da aka rubuta daidai ƙari ne a kan abin da yake koyo da shi.

Batun ya wuce na kasuwa. Injunan bincike ta hanyar bin mahaɗai suke gano sababbin shafuka, haka ma ayyuka irin su Common Crawl, waɗanda daga rumbunsu ake ɗebo da yawa daga matanin da ake horar da manhajojin fassara da na sarrafa harshe. Shafin Hausa da babu mai nuna shi yana iya zama a intanet shekaru ba tare da ya shiga irin wannan rumbu ba. Yanzu da kundin da aka zartar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana iya sa ran hukumomi da ƙungiyoyi za su ƙara fitar da sanarwoyi da ita, kuma waɗanda za a nema su rubuta ko su fassara su ɗaliban sassan harshe ne. Wanda ya fassara sanarwa zuwa Hausa ya bar mahaɗanta duka suna nufar shafukan Faransanci ya kai mai karatu bakin kogi ne ya bar shi. Idan akwai takwaran shafin da Hausa, shi ya kamata a nuna.

Ga wanda ke neman batun kundin digiri, laƙubban mahaɗai na Hausa abin nazari ne da ake iya tattarawa ba tare da an bar ɗakin karatu ba. A ɗauki maƙalu daga wasu kafofin yaɗa labarai na Hausa na Nijar da na Najeriya da na ƙetare, a ciro laƙubbansu, a rarraba su bisa ajin kalma, a ƙirga nawa ne yankin suna, nawa ne aikatau, nawa ne «nan», sannan a duba ko ƙugiyar da ke cikin matani takan tsira idan ta shiga laƙabi.